Jita da Kaset a Ƙasar Abzinawa

Jita abin kiɗa ne na Turawa mai tsirkiya shida. Ta so ta yi kama da molo, sai dai ta fi shi faɗi, cikinta duk katako ne, ba a rufa shi da fata, a wuyanta kuma an gitta waɗansu 'yan ƙarafa don makaɗi ya san inda zai danna. A ƙasar Sifen ta sami siffar da a ke ganinta da ita yau, a hannun wani masassaƙi na Almeriya mai suna Antonio de Torres, wanda ya rasu cikin 1892. Daga can ta bi jiragen ruwa ta gama duniya. Amma akwai ƙasa guda wadda jita ta shiga ba ta hannun malami ba, ba kuwa ta hanyar makaranta ba. Yara ne suka koya wa kansu ita, suka riƙa ɗaukar kiɗansu a kaset cikin ɗaki ko gindin dutse, har abin ya kai hukumomi suka ji tsoronsa. Wannan ƙasa ita ce ta Abzinawa, watau hamadar da ta haɗa arewacin Nijar da arewacin Mali da kudancin Aljeriya da Libiya.

Tun fil azal Abzinawa suna da kiɗansu, kuma ko wane iri da masu shi. Akwai tende, turmi ne a ke rufa wa fata, mata ke kaɗa shi. Akwai imzad, goge mai tsirkiya ɗaya, shi ma na mata ne. Akwai kuma tahardant, ɗan molo mai tsirkiya uku, wannan na maƙera ne da maroƙa. Saurayi ɗan asali ba shi da abin da zai riƙe ya kaɗa ba tare da an yi masa gori ba. Jita kuwa baƙuwa ce, ba ta kowa ba ce, sabo da haka kowa yana iya ɗaukarta.

Wahala ce ta kawo ta. Cikin 1963, shekara uku bayan Mali ta sami mulkin kai, Abzinawan Kidal suka yi tawaye, sojan gwamnati suka murƙushe su da ƙarfin tsiya, mutane da yawa suka gudu Aljeriya. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga farin 1973 da 1974, ya karkashe raƙuma da awaki da tumaki, sa'an nan wani ya biyo baya cikin 1984. Makiyayin da ya rasa dabbobinsa ba shi da sauran abin yi a daji. Samari suka yi ta kwarara zuwa Tamanraset da garuruwan Libiya neman ƙodago, yau su samu, gobe su rasa, ga 'yan sanda na korarsu don ba su da takardu. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci da ke nufin marasa aikin yi. Su kuwa maimakon su ji haushin sunan, sai suka rungume shi.

Cikin yaran da aka gudu da su akwai Ibrahim ag Alhabib, mutumin Tesalit. Yana da shekara wajen huɗu aka kashe mahaifinsa a rikicin 1963. Ya girma a kudancin Aljeriya, a nan ya ga wani majigi na Amurka inda wani makiyayin shanu ke kaɗa jita. Yaro ya koma ya nemi gwangwani da sanda da waya, ya harhaɗa abinsa, ya yi ta fama shi kaɗai. Sai da ya zama saurayi kana ya sami jita ta gaske. Cikin 1979 shi da abokansa suka fara kiɗa tare a Tamanraset, wajen biki da wajen hira. Su ne aka sani daga baya da suna Tinariwen, ma'ana hamadodi.

Da ya ke ba wanda ya nuna musu yadda Turawa ke yi, sai suka kaɗa ta yadda kunnensu ya saba. Babban yatsa ya tsaya a kan tsirkiya mai kauri yana ta maimaita amo ɗaya, kamar tafiyar raƙumi, sauran yatsu kuma suna bin muryar waƙa a kan siraran. In ba ganga a buga jarka, 'yan kallo su yi tafi su karɓi amshi. Malamin jita na Turai da ya gani da ya ce kuskure ne. Kuskuren nan shi ne ya zama salon da a ke biyan kuɗi a saurara yau.

To, amma da jita kaɗai ce, da kiɗan nan bai wuce inda aka yi shi ba. Gidajen rediyon gwamnati ba su sa shi, kamfanin faifai kuwa babu shi a hamada. Abin da ya ɗauke shi ya kai nesa shi ne kaset. Kamfanin Philips na ƙasar Holan shi ya ƙago shi, ya fara nuna shi a Balin cikin 1963, shekarar da aka yi tawayen Kidal ke nan. Bambancinsa da faifan garmaho babba ne. Faifai sai a masana'anta a ke buga shi, mai saye sai dai ya saurara. Kaset kuwa zare ne siriri a naɗe cikin ɗan akwati, wanda ko wane mai rikoda ke iya ɗaukar magana a kansa, in bai gamsu ba ya shafe ya sake. Na awa ɗaya yana cin minti 30 ko wane gefe, akwai kuma na minti 90. Rikodar tana aiki da batir, ba ruwanta da wutar lantarki, tana shiga jaka a rataya wa raƙumi.

Ga mai koyo, rikoda ta tsaya a matsayin malami. Yaro ya kan sami kaset ɗin wanda ya fi shi, ya sa, ya tsayar, ya mai da baya, ya sake sawa, har ya gane inda yatsa ya faɗa. In batir ya yi sanyi sai ya zura alƙalamin biro cikin ramin kaset ya juya da hannu, don kada ya ɓata ɗan ƙarfin da ya rage. Sa'an nan ya ɗauki nasa kiɗan ya saurara. Nan ne amfanin ya fi yawa, gama mutum ba ya jin kansa sosai sa'ad da ya ke cikin kiɗa, hankalinsa na kan yatsunsa. Sai rikoda ta mayar masa zai ji inda ya yi gaggawa, da inda tsirkiya ta saki bai lura ba. Aboki ya kan yi kara, rikoda ba ta yi.

Cikin 1980 Kanar Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa su zo Libiya a koya musu aikin soja. Ibrahim da abokansa suna cikin waɗanda suka amsa. A sansanonin nan suka haɗu da samari daga Mali da Nijar, suka yi ta tsara waƙoƙi cikin harshen Tamashek a kan kewar gida, da fari, da halin da jama'arsu ke ciki, da kiran mutane su farka. Suka yi wata ƙa'ida, duk wanda ya kawo musu kaset wanda ba kome a kai za su cika masa da kiɗa kyauta. Wanda ya karɓa ya kan kwafa wa ɗan'uwansa, shi kuma ya kwafa wa wani. Ko wane kwafi yana rage tsabtar murya ya ƙara shuu, har ya zama na biyar ko na shida sai an kasa kunne kafin a rarrabe kalmomin. Duk da haka ba a yar da su. Direbobi da fatake suka bi da su Kidal da Agadas da Tambutu, mutane suka haddace waƙoƙin ba su taɓa ganin fuskar mawaƙan ba. Jama'ar da ba ta da jarida, kaset ya zame mata jarida.

Sa'ad da tawaye ya sake tashi a Mali da Nijar cikin 1990, hukumomi suka hana waƙoƙin nan. A kama mutum da irin wannan kaset a shingen soja ya isa ya jawo masa ɗauri. A Nijar wanda ya fi suna a lokacin shi ne Abdallah ag Oumbadougou, ɗan ƙasar Agadas, wanda shi ma da kansa ya koya, ya kuma kafa ƙungiyar Takrist n'Akal yana gudun hijira. Sai bayan sulhun watan Afrilu na 1995 ya kaɗa a fili a ƙasarsa. Daga baya ya buɗe wa yara wuraren koyon kiɗa a Arlit da Agadas. Ya rasu cikin 2020. Su kuwa Tinariwen sun ajiye bindiga bayan sulhun Mali, faifansu na farko da ya shiga duniya ya fito cikin 2001, an ɗauke shi a gidan rediyon Tisdas na Kidal. Cikin 2012 suka ci lambar Grammy ta Amurka.

Yaran da suka tashi da jin waɗannan kaset su ma hanyar suka bi. Omara Moctar, wanda a ke kira Bombino, an haife shi a Tidene kusa da Agadas cikin 1980. Yana da shekara goma aka gudu da shi Aljeriya, inda waɗansu 'yan'uwa suka bar jita a gidan, ya ɗauka. Tawayen 2007 ya sake korarsa, wannan karon zuwa Barkina Faso, bayan an kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa. Ya komo cikin 2010 ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas da yardar Sarkin Abzin.

Labarin Mahamadou Souleymane, watau Mdou Moctar na jihar Tawa, ya fi kusa da ƙasar Hausa. Iyayensa masu riƙon addini ne, ba su son kiɗa, sabo da haka ya sassaƙa tasa jitar a ɓoye, ya ɗaura mata wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu ya koya. Cikin 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, aka sarrafa muryarsa da na'ura irin yadda a ke yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a buga su an sayar ba. A lokacin kaset ya fara ja da baya, wayar hannu ta gaje shi, sai waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth da ɗan katin ajiya da a ke kira memori, har suka kai Mali.

A nan aibin al'adar ya fito fili. Kyautar da ta yaɗa kiɗan ita ce ta hana makaɗan cin moriyarsa. Waƙa ta kan gama ƙasa uku, mai ita bai sami ko dala ba, sau da yawa ma sunansa ya ɓace a hanya. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal, ya fitar da su a faifai cikin 2011 da sunan kamfaninsa Sahel Sounds. Sai da ya sha wahalar cigiya kafin ya gano masu su ya biya su rabonsu, Mdou Moctar na cikinsu. Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe masa.

Cikin 2020 kamfanin nan ya yi wani tsari, ko wane wata makaɗa su ɗauki kiɗansu a gida da wayar hannu, su aika ta WhatsApp, a sayar a intanet, kuɗin ya koma hannunsu. Waɗanda suka buɗe tsarin a watan Janairu su ne Etran de l'Aïr, watau taurarin Abzin, 'yan gida ɗaya masu kiɗan biki a Agadas. Cikin 1995 suka fara, da jita guda ɗaya tak, gangarsu kuwa ƙwarya ce da su ke bugawa da takalmi.