Daga kyanwar Kanada zuwa na'urar da ke koya wa majinyaci tafiya

Shekaru da dama masana suna ganin cewa idan wani sashe na ƙwaƙwalwar babban mutum ya lalace, to shi ke nan. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, sai dai a koya masa dogaro da ɓarin da ya rage lafiya. Kyanwa ce ta taimaka aka sake tunani.

A 1987, a birnin Montreyal, Hugues Barbeau da Serge Rossignol sun nuna cewa kyanwar da aka yanke wa laka tana iya koma takawa da ƙafafun baya, muddin ana tallabe ta bisa bel mai gudu ana maimaita horon. Ashe jijiyoyi suna koyo ta hanyar maimaici, kamar yaro da allonsa.

Lokotorori a Jamus, irin su Stefan Hesse na Balin, suka gwada wannan dabara ga mutane a shekarun 1990. A rataye majinyaci da ɗamara don a rage masa nauyi, ma'aikata biyu ko uku su duƙa suna ɗaga masa ƙafa da hannu. Aikin yana da wuya, kuma masu yin sa kan gaji kafin majinyaci ya samu adadin takun da yake buƙata.

Wannan gajiya ce ta haifi na'urar. A asibitin Balgrist na Zurik, injiniya Gery Colombo da lokotoro Volker Dietz suka ƙera Lokomat, wadda ta shiga kasuwa a 2001. Ana ɗaura ta ga ƙafafu, tana lanƙwasa ƙugu da gwiwa taku bayan taku, ba ta gajiya. A Japan, Yoshiyuki Sankai ya fito da HAL, mai jin saƙon da ke isa ga tsoka ta bisa fata. A 2016 Amurka ta yarda a yi amfani da Ekso GT ga masu wannan cuta.

Shin na'ura ta fi hannu? Nazarin Cochrane na 2020, wanda ya tattara gwaje-gwaje 62, ya gano cewa haɗa na'ura da motsa jiki na yau da kullum yana ƙara damar tafiya ba tare da mai riƙo ba, musamman a watanni ukun farko. Amma gwajin LEAPS na 2011, kan majinyata 408, ya nuna horon bel bai fi atisayen gida tare da ƙwararre ba.

Wannan albishir ne ga iyali a Maraɗi ko Tawa da ba su da halin irin wannan na'ura mai tsada. Abin da ke gyara tafiya shi ne a fara da wuri, a maimaita kullum, bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Malamai sun san wannan tun a aji. Kada tausayi ya sa a bar baba kwance bisa tabarma wata da watanni. Ƴaƴa da jikoki su karɓa-karɓa wajen tallabe shi ya taka.