Kaushi, faso da gyambo: kula da ƙafafun tsofaffi

A ƙasar Adar, daga duwatsun Keita da Bouza zuwa garakan albasa na Madaoua, ƙafa ce ke ɗauke da wahalar yini. Idan shekaru suka ja, fata tana bushewa, jini kuma yana rage gudu, shi ya sa ƙaramin rauni yakan daɗe bai warke ba.

Kaushi da faso sun fi tsananta lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A wanke ƙafa, a goge, a shafa man kaɗe ko Vaseline a dunduniya. Kada a yanke kaushi da reza.

Masu ban ruwa da ke yini cikin laima sukan sami ƙaiƙayi da ruɓewar fata tsakanin yatsu. A tsane wurin sosai, har bayan alwala.

Babban haɗari yana ga mai ciwon suga. Cutar tana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙaya bai sani ba. Raunin ya zama gyambo, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafa. Ya duba tafin ƙafarsa kullum, ko ɗa ko jika ya duba masa, kuma kada ya yi tafiya ba takalmi.

Kumburi, mugunya, wari ko baƙi a yatsa: a tafi CSI mafi kusa a ranar. Sukar ƙusa ko ƙaya mai zurfi tana buƙatar allurar rigakafin tetanos.