Daren Jibiya, Da Tarihin Kududdufan Da Muka Cike

Yau shirin namu zai koma daren Lahadi, 15 ga watan Yulin 2018. Masu son ƙwallo ba za su manta da ranar ba, domin da yammacinta ne Faransa ta doke Kuroshiya da ci 4 da 2 ta ɗauki kofin duniya. An watse daga gidajen kallo, mutane sun kwanta, sai hadari ya haɗo a Jibiya, garin nan na kan iyakar Katsina da Nijar. Daga wajen ƙarfe sha ɗaya na dare aka yi ta tsuga ruwa har dare ya raba.

Kafin gari ya waye ruwa ya ci unguwanni irin su Kwata da Ɗan Tudu da Tukare. Sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka tafi. Kogin da ya ratsa Jibiya shi ne yake shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, don haka wasu gawarwakin ma a can tsallaken iyaka aka tsinto su. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne Jibiya tana da magudanan ruwa. Bayanin da gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi shi ne an gina su ne don su kai ruwan gari cikin kogi, to a daren kogin ya cika ya tumbatsa, sai ruwa ya juyo da baya ta cikin magudanan ya shigo wa mutane. Ku riƙe wannan: kwalbati hanya ce kawai, ba ma'ajiya ba ce. In inda za ta zubar ya cika, ba ta da wani amfani.

To a da ina ma'ajiyar take? Kududdufi.

A shekarar 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya shigo Kano. A cikin abin da ya rubuta ya yi ƙorafin wata fadama da ta raba birnin, wato Jakara, da kuma ramukan ruwa da suka samu saboda haƙar ƙasar gini. Heinrich Barth, Bajamushen da ya biyo ta Katsina ya isa Kano a 1851, shi ma ya ambaci Jakara. Su ƙazanta da zazzaɓi suka gani, kuma ba ƙarya suka yi ba, kududdufi gidan sauro ne. Sai dai akwai aikin da yake yi wanda baƙo ba ya lura da shi. Duk unguwar da aka gina da ƙasa, kusa da ita akwai ramin da aka ɗebi ƙasar. Ruwa ya sauko daga soro ta indararo, ya faɗa tsakar gida, ƙasa ta sha wani, saura ya bi rariya ya fita lungu, lungu ya gangara da shi kududdufi. A nan zai kwanta ya yi ta tsatsafa cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu. Yawan gidaje, yawan ramuka. Haka tsoffin garuruwanmu suka tashi, daga Kano da Katsina har ƙananan garuruwa irin namu na yankin Kankiya da Kusada.

Abu biyu suka karya wannan tsari. Na farko fari. An sha wahalarsa a 1973, aka sake sha a 1984, kuma tsawon waɗannan shekaru damina ta yi rauni a duk faɗin Sahel. Kududdufai suka ƙafe, ƙoramu suka zama yashi. A daidai lokacin kuma mutane ke ta kwararowa birane. Wanda ya tashi ya ga kwari a bushe shekara goma, me zai hana shi ɗaukarsa a matsayin fili? Aka mai da kududdufi juji, juji ya cika, aka yanka shi fuloti, aka sayar, wani lokacin har da takardar hukuma. A Kano ita kanta Jakara sai da aka kama aikin rufe ta da kankare a shimfiɗa titi a kai.

Na biyu shi ne kwano da siminti, kuma a nan lissafi ya fi surutu. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Gida mai rufin kwano murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, ya tara lita 5,000, wato duro 25 na lita 200. Maigida kuma ya dafe tsakar gida da siminti, ko ɗigo ba zai shiga ƙasa ba. Duka lungu zai fita cikin 'yan mintoci. Ku ninka da gidaje dubu. Sannan ya je ya tarar da kwata cike da ledar fiya-wata da yashi.

Damina kuwa ta dawo, kuma da wani hali ta dawo. Wani bincike da aka fitar a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadarurrukan Sahel masu zubar da ruwa mai yawa a ɗan lokaci sun ninka sau uku tun daga 1982. An ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, an kuma ga na Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, inda Unguwar Hausawa da Tiffin Maza suka fi shan wahala.

Aikin gayyar yashe kwata da matasa ke yi kafin damina abu ne mai kyau, a ci gaba. Amma a ganina mun cika ɗora laifin duka a kan leda don shi ya fi sauƙin faɗa. Leda ba ta sa hannu a takardar fili. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, amma sau nawa wannan labari yake isa kunnen mai unguwa? Ruwan Jibiya cikin dare ya zo. Ko mutum ɗaya da aka ɗora wa duba kogi, da lasifikar masallaci a hannunsa, zai iya tayar da unguwa guda.

Garuruwa irin su Ƙofa, inda har yanzu akwai sauran kududdufai, su ke da damar da Kano ta riga ta yi asarar mafi yawanta. A auna su, a sa su a takarda a matsayin na al'umma, a yashe su da rani, a kewaye su saboda yara, a hana zuba shara. Masu sabon gini su bar wani ɓangare na tsakar gida ƙasa, su sa tanki ko duro a bakin kwano. Wanda kuma zai sayi fuloti, kafin ya biya dillali ya nemi dattijon unguwar ya tambaye shi abin da yake wurin kafin farin 1973.