Mata a fagen kimiyya: daga Halab zuwa fadamar Haɗeja

A ranar 11 ga watan Fabrairun kowace shekara ne Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin ranar mata da 'yan mata masu nazarin kimiyya, ranar da ta keɓe tun a shekarar 2015. Hukumar UNESCO ta ce kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu binciken kimiyya a duniya mata.

Sai dai aikin waɗannan mata ya isa har ƙauyukan da ba a san sunayensu ba. Misali shi ne Kirikasamma, a fadamar kogin Haɗeja ta jihar Jigawa, inda ambaliyar damina ke kawo kifi da shinkafa, ta kuma kawo sauro.

Maganin zazzaɓi

Bayan da maganin kulorokwin ya daina aiki sosai, Nijeriya ta koma amfani da magungunan da ake kira ACT a shekarar 2005. Tushensu shi ne sinadarin artemisinin, wanda wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta jagoranci ganowa.

A shekarar 1969 aka ɗora mata jagorancin wani rukuni a shirin gwamnatin Sin na neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya, har ta kai ga wani tsiro dangin tazargade. Gwaje-gwajen farko ba su ba da sakamako mai gamsarwa ba, domin tafasawa na lalata sinadarin. Wani littafi na ƙarni na huɗu, da ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, shi ya sa ta koma tatsowa ba da zafi mai yawa ba, kuma a 1971 aka dace. Ita da abokan aikinta sun gwada maganin a kansu kafin a bai wa marasa lafiya. Sai a 2015 aka ba ta lambar Nobel, tana da shekaru 84.

Tun kafin zamanin boko

Tarihin Musulunci ma yana da nasa matan. Ibn al-Nadim, a littafinsa al-Fihrist, ya ambaci al-Ijliyya, wadda ke ƙera usɗurlabi a fadar Saifud Daula da ke Halab a ƙarni na goma. Na'ura ce ta tagulla da ake auna tsayin rana da taurari da ita, a san lokutan salla da alƙibla. Abin da aka rubuta a kanta bai wuce 'yan layuka ba, kuma sunan Maryam da ake kiranta da shi yanzu daga baya ya shigo.

Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id

A arewacin Nijeriya, ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara a wannan fage ita ce Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero da ke Kano. An haife ta a 1963 a garin Wangara na ƙaramar hukumar Gezawa. Ta yi aure tana da shekaru 18 bayan ta gama sakandare, ba ta kuma shiga jami'a ba sai da ta kai 29, tana da 'ya'ya. Ta buɗe makarantar renon yara, ta kuma sayar da sarƙar aurenta domin biyan kuɗin rajista.

Ta karanci kimiyyar fiziks har zuwa digirin digirgir a Bayero, inda ta fara koyarwa a 1999, ta kuma yi wani digiri na biyu kan muhalli a Jami'ar Reading ta Ingila.

Bincikenta ya shafi yadda ƙurar da ke cikin iska da sare itatuwa ke sauya zafin gari. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin Haɗeja, wanda hazon hunturu ke rufe masa rana kowace shekara, yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar na tare wani ɓangare na hasken rana kafin ya iso ƙasa, ita kuwa ƙasar da aka sare wa itatuwa ta fi ɗaukar zafi. Auna waɗannan abubuwa na buƙatar na'urori da wutar lantarki, ita kuwa ta shaida wa manema labarai a 2015 cewa wutar awa huɗu kacal take samu a jami'a a kowace rana.

A wannan shekarar ce aka ba ta lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya a ƙasashe masu tasowa, a birnin San Jose na Amurka.

A lokacin da ta shiga jami'a, babu jami'a ko ɗaya a jihar Jigawa. An kafa ta tarayya a Dutse a 2011, sai ta jiha a Kafin Hausa, cikin masarautar Haɗeja, a 2013, wadda aka sa wa sunan Sule Lamido daga baya.