Gadar Landan da Asusun Gyaranta

Kogin Temzi ya ratsa tsakiyar Landan, babban birnin Ingila. A zamanin dā gadojin da aka yi bisa wannan kogi na katako ne, wuta ta cinye wata, guguwa ta rushe wata. A shekara ta 1176 wani firist mai suna Bitrus, na majami'ar Colechurch, ya soma gina ta dutse. Aikin ya ci shekara 33. Bitrus bai ga ƙarshensa ba, gama ya rasu a 1205, aka gama gadar a 1209, zamanin Sarki Jon. An binne shi cikin ɗakin sujada da ke tsakiyar gadar, wanda aka raɗa wa sunan Toma Beket, Babban Bishof na Kantaberi da aka kashe a 1170.

Gadar tana da ƙofofin ruwa 19 masu siffar bakan gizo. Bisa kanta aka gina gidaje da kantuna, har ta zama kamar unguwa. Da kuɗin hayarsu ake gyaranta, tare da harajin masu ƙetarewa, da baikon masu bi waɗanda suka bar mata gidaje da filaye cikin wasiyyarsu. Amma sa'ad da Sarki Henri na Uku ya ba matarsa Sarauniya Elino wannan kuɗi, sai aka yi sakaci da gyara. Cikin hunturun 1281 zuwa 1282 ƙanƙara ta rushe ƙofa 5. Daga nan mutanen birni suka riƙe asusun gadar da kansu.

Da birnin ya yi girma, gadar ta yi masa kaɗan. Har 1750 ita kaɗai ce mashigi a tsakiyar Landan, hanyarta kuwa matsattsiya ce, kekunan doki da garkunan dabbobi sukan cunkushe a kanta. Ginshiƙanta masu kauri sun tare ruwa, yana fita ta ƙofofin da ƙarfi, jirage suna kifewa, mutane suna nutsewa. Tsakanin 1758 da 1762 aka rushe gidajen domin a faɗaɗa hanya, duk da haka ba ta isa ba.

Saboda haka a 1824 aka soma sabuwar gada mai ƙofa 5 kusa da tsohuwar, bisa fasalin injiniya Jon Reni. Sarki Wiliyam na Huɗu ya buɗe ta ran 1 ga Agusta, 1831. Sa'an nan aka rushe aikin Bitrus, bayan ya yi hidima shekara 622.

Gadar Reni ba ta daɗe haka ba. Ta riƙa lotsawa cikin laka sannu sannu, har a 1968 aka sayar da ita ga wani attajirin Amurka, Robat Makulok, a kan dala 2,460,000. Aka sa wa duwatsunta lamba, aka kwashe su zuwa jihar Arizona, aka sāke gina ta a bakin tafkin Habasu a 1971. Wadda ke Landan yau ta kankare ce, Sarauniya Elizabet ta Biyu ce ta buɗe ta a 1973.

Gada biyu sun shuɗe, amma asusun nan yana nan. Da shi aka gina Gadar Hasumiya a 1894, shi ne kuma yake kula da gadoji 5 na Landan har wa yau, rarar kuɗinsa tana tafiya ga aikin taimakon mabukata.

Wannan abin tunani ne ga dattawan ikkilisiya. Akan tara kuɗi da murna domin ginin majami'a ko makaranta ko rijiya, amma da wuya a keɓe abin da za a yi gyara da shi, sai damina ta buɗe rufi tukuna a shiga neman gudummawa. Mutanen zamanin Bitrus sun yi gini, sun kuma bar abin riƙe ginin, shi ya sa mutanen Landan suke cin moriyar baikonsu bayan shekara 800.