Adana ilimin aiki da barin tsohon sabo: yadda suke juya akalar kamfani

Adana ilimin aiki shi ne tsarin da kamfani ke bi wajen tattara abin da ma'aikatansa suka sani, da taskance shi, da isar da shi ga mai buƙatarsa a kan lokaci. Barin tsohon sabo kuwa shi ne kamfani ya ajiye, da gangan, wata hanyar aiki da ta taɓa amfanarsa amma zamani ya wuce ta. Masana harkar gudanarwa na ganin sauyin alƙibla ba ya ɗorewa sai an haɗa waɗannan biyu.

Asalin batun

A shekarar 1995 wasu masana biyu 'yan ƙasar Japan, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, suka wallafa littafin da ya yaɗa wannan fanni. Sun kasa ilimin kamfani gida biyu. Akwai na rubuce, kamar kundin lissafi da ƙa'idojin aiki. Akwai kuma wanda ke cikin kan ma'aikaci, irin sanin da bakanike ke yi wa ciwon inji daga jin ƙararsa, ko sanin da ɗan kasuwa ke yi wa abokin cinikin da za a iya bai wa bashi. Irin na biyu ya fi saurin ɓacewa, domin yakan tafi tare da mai shi.

Tun kafin nan, a 1981, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Bo Hedberg, ya yi bayanin cewa ilimi na tsufa idan yanayi ya sauya, kuma hukumar da ta kasa sakin tsohon sani takan sha wahalar karɓar sabo. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa sabo turken wawa.

Darasi daga manyan kamfanoni

Injiniyan kamfanin Kodak na Amurka, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital a 1975. Sai dai ribar kamfanin daga fim ɗin ɗaukar hoto take zuwa, don haka ya yi nawa wajen sakin wannan hanya, har ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Takwaransa Fujifilm na Japan ya ɗauki ilimin sinadaran da ya tara a harkar fim ya shiga da shi fannin magunguna da kayan kwalliya, ya tsira.

A Nijeriya, kamfanin NITEL da aka kafa a 1985 ya saba aiki ba tare da abokin hamayya ba. Da wayar salula ta shigo a 2001, masu neman layi suka koma wurin sababbin kamfanoni. A 2015 aka miƙa kadarorinsa ga masu zuba jarin da suka saye su.

Yadda abin yake a Maiduguri

Ƙananan masana'antu ma suna fuskantar wannan jarrabawa. A unguwar Mairi da ke maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri, sana'o'i da dama sun dogara ga ɗalibai: buga takardu, fotokwafi, abinci da gidajen haya. Yaɗuwar wayar zamani ta rage buƙatar shiga shagon intanet, yajin aikin ƙungiyar ASUU daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 kuma ya nuna haɗarin dogaro ga abokin ciniki iri guda.

A Janairun 2021 mahara suka lalata turakun lantarki a kan layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya yi watanni cikin duhu. Masu sayar da ƙanƙara da walda da buga takardu sai da suka saki zaton cewa wuta na nan tafe, suka sake lissafi a kan janareta da hasken rana. A Maris ɗin 2023 aka ƙaddamar da tashar iskar gas mai megawat 50 a birnin. Ƙarancin takardun naira a farkon wannan shekarar shi ma ya tilasta wa masu cewa sai tsabar kuɗi karɓar taransifa da na'urar POS.

Bambancin saki da asara

Sakin ilimi zaɓi ne da mai kamfani ke yi bayan nazari. Asararsa kuwa bala'i ne da ke zuwa ba sallama. Gobarar Kasuwar Monday ta 26 ga Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 sun nuna haka. Ɗan kasuwar da littafin bashinsa ɗaya ne tak, kuma yana cikin shago, zai iya rasa kaya da shaidar kuɗin da yake bi a dare guda.

Abin da kamfani zai yi

Mataki na farko shi ne rubuta muhimman bayanai, a ajiye kwafinsu a wuri fiye da ɗaya. Na biyu, a haɗa tsohon ma'aikaci da sabo domin sanin da ba ya rubutuwa ya samu magaji. Na uku, a riƙa bitar hanyoyin aiki lokaci zuwa lokaci, ana tambayar dalilin da ya sa aka fara kowace hanya, da ko dalilin na nan.

Mafi wuya shi ne na ƙarshe: shugaba ya saurari na ƙasa da shi. Yaron shago da ke fuskantar masu saye kullum yakan riga maigida ganin sauyin kasuwa. Idan faɗin gaskiya na jawo masa faɗa, zai yi shiru, kamfanin kuma zai ci gaba da aiki da lissafin da ya daina ci.