Abin da ke cikin adakar kaka

Ɗan'uwa, ɗauko takardar haihuwar kakanka ka duba. Da wuya ka ga rana da wata. Ma'aikacin gwamnati ya rubuta an haife shi "wajen" shekara kaza, ya buga hatimi, shi ke nan. Amma zauna da tsohon da kansa, ba kintace zai yi maka ba. Zai ce mahaifinsa yana goye aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ko ya ce autarsa ta zo duniya a El Buhari, farin 1984. Kalandarsa ke nan, kuma sau da yawa ta fi ta takarda gaskiya. Ranar da aka kai shi makwanci, da ita za a rufe shi, sai fa in wani ya rubuta.

Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin yadda gari ke ɓacewa. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, su ne suka kafa sarauta a kwarin Gulbi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin, aka tashi aka koma kan tudu, inda aka yanka titunan nan miƙaƙƙu da kake bi yau. Ginin ƙasa ba ya jayayya da ruwa. Don haka in ka ga takobi, ko gafakar Alƙur'ani, ko munduwar azurfa da ta girmi 1945 a gidan ɗan asalin garin, ka sani wani ne ya ɗauko ta a ka ko a kafaɗa ya hau tudu da ita. Wane ne shi? A gidaje da yawa tambayar ta riga ta rasa mai amsawa.

Littattafan malamai su ne suka fi ban tausayi. Rubutun hannu na ƙasarmu ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa ne a cikin fata, kuma marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a gindin wanda ya gama, don kada tsari ya ruɗe. A ƙarshe yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na wanda ya sa shi aikin. A gefe kuma kana iya cin karo da ranar haihuwa, ko bashi, ko laƙanin magani cikin ajami. To, malam ya rasu, an zo rabon gado, kowane ɗa yana son tubarraki. Wannan ya kwashi warƙa ashirin ya tafi Tawa, wancan ya kai nasa Damagaram, mai sunan marubucin ta faɗa hannun wanda bai iya karatunta ba. Gara da ɗigon daki su ƙarasa saura. A ganina, littafi irin wannan ya kamata magada su yarda a bar shi dunƙule a hannun mutum ɗaya, ko su mai da shi waƙafi; malamanmu sun san hukuncin, tambaya ce ba mu yi.

Akwai waɗanda suka hango haka tun da wuri. Bubu Hama, shugaban majalisar dokokin Nijar daga 1958 zuwa 1974, ya sa aka tattaro rubuce-rubucen Larabci da ajami daga sassan ƙasa. Tarin nan ne ya zama tushen sashen rubutun hannu na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda ake ajiye da wajen 4,000. A Yamai ɗin dai, tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka, wadda yau ake kira CELHTO. Sai dai cibiya ba ta shiga kowane zaure. Dubi Tumbutu: a Janairun 2013 ƴan bindiga sun ƙone rubuce-rubuce wajen 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, amma dubbai masu yawa na iyalai sun tsira, don an zuba su cikin adakoki an sulale da su zuwa Bamako, wasu a mota, wasu a jirgin ruwa.

Kai ba sai ka jira irin wannan rana ba, salula tana aljihunka. Nemi izinin dattijon gida kafin ka buɗe adaka, kada a ce yaron lakwal ya zo yi wa kayan gado bincike. Ɗauki hoton kowace warƙa a jere, ba tare da ka juya tsarinta ba. Ke kuma ƴar'uwa, kin fi mu sa'a, don tsofaffin mata ne suka riƙe dangantakar ɓangaren uwa, wadda maroƙa ba su cika ambata ba: wa ta auri wa, daga wane ƙauye aka kawo ta, taskirar wa ce wannan. Naɗi muryarta, sannan ki kwafe a littafi da biro, don salula tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a kasuwa. Kowane kaya a liƙa masa ƴar takarda mai sunan mai shi na farko, da sunan wanda ya faɗa miki, da ranar da ya faɗa.